Tashar da ke fara tambayar zuriyarka kafin sunanka

Duk wanda karatu ko fatauci ya kai shi Sumatra ta Arewa a Indunusiya, ya daure ya nemi ɗaya daga cikin ƙananan tashoshin FM masu magana da harshen Batak, wata al'umma ta yankin. Wadda nake saurare tana can gefen Tafkin Toba, ni kuwa a Medan nake kama ta ta intanet. Uwar gidan da nake haya a wajenta, 'yar Toba ce, wato ɗaya daga cikin rassan Batak, ita ta haɗa ni da tashar.

Filin gaishe-gaishe na yamma shi ne ran tashar. Mai kira zai ce "Horas", gaisuwarsu ke nan, mai gabatarwa ya amsa, sai ya tambaye shi margarsa, wato sunan zuriyar da ake gada ta wajen uba, irin su Simanjuntak ko Siregar. Sannan ya tambayi ta mahaifiyarsa. Idan margar mai kiran ta zo ɗaya da ta mahaifiyar mai gabatarwa, nan take ya koma kiransa tulang, kawunsa ke nan, har muryarsa takan yi ƙasa don ladabi. A haka ake bitar dalihan na tolu, wato ginshiƙai uku na dangantakar Batak, kullum ba tare da an ce darasi ake yi ba: su wa suka ba ku mata, su wa kuka ba wa, su wane ne 'yan uwanku na jini. Jikokin uwar gidan nan haihuwar birni ne, ana yi musu Toba suna mayarwa da Indunusiyanci, amma na ga ƙaramar ta tsaya da cin abinci tana tambayar kakarta me ita za ta kira wani mai kira da aka ambaci margarsa. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin data.

Sanarwar rasuwa ma abin ji ce. In dattijo ya rasu bayan ya aurar da 'ya'yansa duka ya ga jikoki, sai a ce saur matua ne, a jero dangin da za su zo da mayafin ulos, a faɗi ranar kiɗan gondang.

Inda nake da ƙorafi shi ne kiɗa. Waƙoƙin zamani na mawaƙa uku-uku sun cinye yini, gangunan taganing da algaitar sarune da garayar hasapi sai dare ya raba. Kuma Toba ta mamaye komai. Karo, Simalungun, Pakpak, Angkola da Mandailing kowa da harshensa, amma da wuya ka ji su, alhali Batak ba Toba kaɗai ba ce. In ruwa ya sauko kuma, sautin intanet ɗin yakan yanke.

Mai son jin sauran harsunan ya haɗa da Pro 4 ta RRI Medan, tashar al'adu ta gidan rediyon ƙasa da aka kafa a 1945. Amma filin yamman nan, ban yarda ya wuce ni ba.