Ɗan littafin masu shan warfarin a Ingila

Jama'ar Zazzau, a nan Ingila duk wanda aka ɗora kan warfarin, maganin tsinka jini, saboda zuciyarsa na bugawa ba tsari, sai an haɗa shi da wani ɗan littafi ruwan ɗorawa. Littafin nan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Idan bugun ya rikice, jini kan kwanta a wani lungu na hagun zuciya ya yi guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin kan ninka kusan sau 5. Warfarin na rage kusan kashi biyu cikin uku na haɗarin, muddin awon INR, wato awon yadda jini ya tsinke, na tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa jini ya daskare, in ya haura jini ya tsinke fiye da kima.

Nas za ta huda yatsa, cikin minti ɗaya sakamako ya fito, ta rubuta a littafin yawan ƙwayar da za a sha da ranar dawowa. Ƙwayoyin ma kowace da launinta: miligiram 1 ruwan ƙasa, 3 shuɗiya, 5 ruwan hoda, ko wanda bai yi boko ba ba zai ruɗe ba. Awo ya zauna, sai a tsawaita zuwa mako 12.

Mu kuwa? Mutum ya ji sauƙi sai ya ajiye magani, ko ya sayi asfirin a kemis ya ce ai duk tsinka jini ne. Tun 2014 hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce asfirin kaɗai ba ya wannan aikin. Ga diclofenac don ciwon gwiwa, ga Flagyl da Septrin masu haura INR, ga ƙaho wurin wanzami, ba wanda ya gaya wa likita. Kwaɗon zogalen nan da nake kewa, shi da alayyafo, suna rage ƙarfin warfarin. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai wa daida.

Yawancin marasa lafiyar nan Ingila sun koma sababbin magungunan tsinka jini, apixaban da rivaroxaban, marasa buƙatar INR. Amma wanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya tsuke masa ƙofar zuciya, irin da ya yi yawa a wajenmu, ko wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, warfarin ne nasa. Don Allah ku sama masa littafi, ko na 'yan makaranta ne, a rubuta kowane awo. Haɓon da ya ƙi tsayawa ko baƙin bayan gida, a nufi asibitin Shika ranar.