Tukunyar ƙasa ta shuka: sai ranar dashe ake sanin halinta

Tukwanen ƙasa iri biyu na gwada, daga cikin waɗanda masu furanni ke jerawa a bakin titi a nan Jos. Ɗaya mai buɗaɗɗen baki ce, tana tsukewa zuwa gindi kamar bokiti. Ɗayar mai tumbi ce da matsattsen wuya kamar tulu. Kowacce ta riƙe lemun tsami shekara 2, kuma wajen raino ba ni da ƙorafi. Jikin tukunyar ƙasa yana tsotse laima, ruwa ba ya kwanciya, wannan ne ke ceton saiwa a Yuli da Agusta lokacin da ake kwana ana ruwa. Illarta ɗaya, da hunturu ƙasar cikinta na saurin bushewa fiye da ta roba.

Bambancin ya fito ne wajen cire shukar.

Mai buɗaɗɗen bakin ba ta ba da wahala ba. Ana ba shukar ruwa tun jiya, don ƙasa ta haɗe amma kada ta zama taɓo. Sai a zagaya cikin tukunyar da siririyar wuƙa, domin ƙananan saiwoyi na manne wa jikin yumɓu sosai, ba kamar roba ba da ake ɗan matsawa ta saki. Ka ɗora tafin hannu a kan ƙasar, karan yana tsakanin yatsunka, ka kifa tukunyar, ka ɗan buga leɓenta a gefen benci sau biyu ko uku. In ta ƙi, ka tura sanda ta hudar gindi. Kada ka ja shukar ta kara ko kusa: ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa ne za su tsinke, bayan kwana biyu ka ga ganye ya yi yaushi.

Mai tumbin kuwa kyan ɗan maciji ce. Saiwa ta cika cikin, dunƙulen ya fi wuyan faɗi, babu ta inda zai bi. Hanya biyu ce kawai: ko a zuba ruwa da tiyo a wanke ƙasar gefe kaɗan-kaɗan har dunƙulen ya rage, shukar ta sha wuya, ko a kwantar da tukunyar a kan buhu a fasa ta da guduma. Na zaɓi fasawa, don bishiyar ta fi tukunyar daraja. Wanda ke sonta don ado, ya shuka a tukunyar roba da za ta wuce wuyan, ya zura a ciki. Amma don shuka kai tsaye, ba zan sake sayenta ba.

Da dunƙulen ya fito, za ka tarar saiwa ta nannaɗe a gindi kamar gammo. A warware ta da yatsa. In ta yi tauri, a tsaga gefen daga sama zuwa ƙasa wuri 3 ko 4, zurfin santimita 1, in ba haka ba za ta ci gaba da zagaye ko a sabon wuri. Lafiyayyar saiwa tana da haske da ƙarfi. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, a yanke ta.

Sabuwar tukunya kada ta ɗara tsohuwar da fiye da santimita 5 a faɗi, domin ƙasar da saiwa ba ta kai ba ruwa take riƙewa. A jiƙa tukunyar a baho ta kwana, kada ta shanye ruwan shukar. A ɗora tsingaro ɗaya a kan hudar, ba sai an cika gindin da tsakuwa ba. Haɗin da ya yi mini kyau shi ne baƙar ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen kashin shanu kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Shukar ta zauna daidai zurfinta na da, a bar santimita 2 a baki don ban ruwa.

Daga nan a shayar da ita sosai, a ajiye a inuwa mako guda, takin zamani kuma sai bayan mako 4 zuwa 6. Farkon damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, ya fi dacewa da wannan aiki. Sanyin Disamba da busasshiyar iskarsa ba sa barin sabon dashe ya farfaɗo da wuri. Idan alobera ce, a bar ta kwana 3 ko 4 ba ruwa, sai raunin saiwar ya bushe.