Dankalin Sifaniya a kicin ɗinki: me za ki saya, me za ki bari

A Sifaniya in yamma ta yi, mutane kan shiga ƙananan gidajen abinci su ci tapas, ɗan abin taɓawa a ƙaramin faranti, ana ci ana hira. Da yawansu na dankalin turawa ne. Akwai patatas bravas na Madrid, soyayyen dankali da jar miya mai ɗan yaji. Akwai tortilla, wainar ƙwai mai kauri da dankali a cikinta. Sai papas arrugadas na tsibiran Kanari, ƙananan dankali da ake dafawa da ɓawonsu a ruwa mai gishiri sosai har su yamutse. Duk ukun za su yiwu a gida, in dai uwargida ta san inda za ta sa kuɗinta.

Kada ki wahalar da kanki neman dankalin waje. Mutanen Sifaniya suna da irin nasu, Monalisa da Kennebec don tortilla, Agria don suya, amma na Jos ya wadatar. Abin dubawa shi ne halinsa. Nicola, wanda ake nomawa sosai a Filato, cikinsa rawaya ne kuma ba ya saurin fashewa, don haka ya dace da dafawa da ɓawo, ya kuma yi kyau a tortilla. Bravas kuwa yana son dankali mai gari, irin su Diamant, wanda bayansa ke yin ƙaras cikinsa ya yi laushi. Mai sayarwa ba lallai ya san sunan iri ba. Ki sa ya yanka miki ɗaya, ki murza yankan da yatsa: in farin ruwa mai kauri ya manne miki, na suya ne. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro, ki bar masa kayansa ko da ya rage kuɗi.

Mai ne ke cin aljihu. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa samar da man zaitun, shi ya sa su ba sa jin nauyin zuba shi. Tortilla ta gaske ana nutsar da dankalin ne cikin mai a ƙaramar wuta, ya nuna a hankali ba tare da ya yi ja ba, kuma hakan kan ci kusan rabin lita. Kwalbar da aka rubuta virgen extra ita ce tatsar farko, ta fi ƙanshi ta fi tsada. Mai rubutun aceite de oliva kawai, gauraye ne da tataccen mai, ƙanshinsa kaɗan. Orujo daga tunkuzar zaitun ake fitar da shi, ya fi araha, yana kuma jure wuta. Ni dai a ganina, ki sayi virgen extra ɗaya don tortilla da miya, ki riƙa tacewa kina adanawa bayan kowace suya. Suyar bravas kuma man gyaɗa mai kyau ya isa. Ai ko a can gidajen abinci da dama da man sunflower suke soyawa. Ki zaɓi kwalba mai duhu, ki duba kwanan wata, kuma ki tabbatar na ci ne, don ba duk ƙananan kwalaben da ake sayarwa don shafawa ne suka dace da tukunya ba.

Inda ba na so ki yi rowa shi ne garin jan tattasai da suke kira pimentón. Shi ne ran miyar bravas. Iri biyu suka yi suna. Na Murcia shanya shi ake yi, ɗanɗanonsa mai sauƙi, kusa da garin busasshen tattasai namu. Na La Vera, a lardin Cáceres, ana busar da shi ne a kan hayaƙin itace har kusan mako biyu, ana juyawa kullum, kafin a niƙa. Da kin buɗe gwangwanin, ƙanshi kamar na naman banda zai tare ki, garin kuma ja ne wur mai ɗan maiƙo, yana manne wa cokali. Yana zuwa kala uku: dulce marar yaji, agridulce tsaka-tsaki, picante mai yaji. In ɗaya kawai za ki iya saya, ɗauki dulce na La Vera, yajin ki cika da barkononki na gida. Ƙanshin hayaƙin nan ne ba ki da abin da zai maye gurbinsa. Tsohuwar miyar Madrid ma ba ta da tumatir: mai ne, wannan garin, ɗan fulawa da romo. Ki sauke kaskon daga wuta kafin ki zuba garin, don yana ƙonewa nan take ya koma ɗaci.

In kina sayayya a kantin kayan waje, ki karanta takarda da kyau. Chorizo da jamón da ake haɗawa da wasu girke-girken dankali naman alade ne, kuma miyar bravas ta kwalba wani lokaci akwai giya a cikinta. Yin taki a gida ya fi kwanciyar hankali, lemon tsami kuma zai ba ki ɗan tsamin da ake so.

Saura kasko. Ana sayar da kasko mai baki biyu da ke haɗewa don juya tortilla, amma ba dole ba ne. Kasko marar kamu mai faɗin santimita 24, mai ɗan zurfi, yana ɗaukar ƙwai 6 da dankali kamar giram 600. Ki guji mai nauyi na baƙin ƙarfe, domin da hannu ɗaya za ki kife shi a kan faranti, ɗayan hannun yana danne da farantin. Farantin kuma ya zama shimfiɗaɗɗe, ya fi bakin kaskon faɗi, in ba haka ba ɗanyen ƙwan zai zubo miki a wuyan hannu.