Kafireta ce ko hanyar mai? Ga yadda za ka bambance su

Ɗan'uwanmu da ke ɗaukar masu yawon shaƙatawa a jirgin ruwa a tafkin Jabi da ke Abuja ya yi tambaya. Injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Yana tashi lafiya lau, amma da zarar ya yi nisa ya ba shi wuta, sai ya fara shaƙewa ya mutu. Wani ya ce masa a kwance kafireta, wani kuma ya ce laifin tanki da tiyo ne.

Malam, kowanne daga cikinsu yana iya jawo haka, amma alamominsu daban ne, kuɗin gyaransu ma daban. Shawarata ita ce kada ka bari a sa wa kafireta sukudireba sai ka gama binciken waje, wato tanki da tiyo, tukuna.

Idan laifin hanyar mai ne, inji yakan yi aiki sumul na ɗan lokaci sannan ya mutu, ka bar shi ya huta ya sake tashi. Dalili kuwa, ɗan man da ya taru a kofin kafireta yake sha, da ya ƙare babu mai maye gurbinsa da wuri. Idan kuwa kafireta ce ta toshe, ba ta jiran ka yi nisa. Tun daga bakin ruwa za ka ji ta: ko dai ya ƙi tsayawa a silo, wannan ƙaramin jet ne (jet shi ne 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta), ko kuma ka murɗa totur ya yi nishi ya ƙi ɗauka, wannan babban jet ne. Kuma kullum haka zai yi, safe da yamma. Yadda ka kwatanta naka, ya fi kama da laifin hanyar mai.

Mai raba gardamar shi ne famfon robar nan da ke tsakiyar tiyo, wanda kake matsawa kafin ka ja igiya. Lokacin da injin ya fara shaƙewa, kai hannu ka taɓa shi. In ka same shi ya lotse ya manne, to inji yana zuƙa amma mai ya ƙi fitowa daga tanki. Fara duba ɗan notin iska da ke kan murfin tanki. Mutane da yawa suna ɗaure shi saboda kada mai ya zube a mota, su manta su sassauta, har ka ga tankin roba ya shige ciki ta gefe. In ba shi ba ne, to ragar da ke bakin bututun cikin tanki ta cika da datti, ko wani fasinja ya take tiyo da ƙafa. In kuma ka yi ta matsawa ya ƙi yin tauri, iska ce ke shiga ta wani wuri: tiyon da ranar Abuja ta busar ya tsattsage, ko kilif ya saki, ko robar bakin mahaɗi ta cinye. Ka lura da kibiyar da ke jikin famfon, dole ta kalli inji. Akwai alama ta uku: yana shirin mutuwa ka matsa famfon sai ya farfaɗo, ka daina ya koma. Nan sai a zargi famfon man da ke jikin injin, domin siririyar robar cikinsa takan gaji ko ta yage. In ta yage har za ka tarar da fulogi ɗaya jiƙe sharkaf da mai.

Ita kafireta gwajinta cok ne, wato abin da ake ja don rage iskar da ke shiga inji. Famfon hannu yana da tauri, mai yana isowa, amma sai ka ɗan ja cok injin ke samun ƙarfi. Wannan ya nuna ƙofofin ciki sun toshe, yawanci da dasƙararren tsohon mai, musamman in an ajiye jirgi makonni ba a zubar da na kofi ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ruwa a cikin mai, saboda yana kwaikwayon duka biyun. Da damina ruwan sama na shiga ta murfi, ga kuma man jarka na 'yan bumburutu da ba ka san inda ya kwana ba. Mazauna Abuja ba su manta da gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 ba. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye, ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi ƙarara. Kwance kofin filtar da ke ƙarƙashin murfin inji ka duba shi ma. Wanke kafireta sau goma ba zai yi amfani ba muddin ruwan na cikin tanki. Haɗin mai ma ka kiyaye: in littafin injinka ya ce 50 da 1, rabin lita na baƙin mai ke nan a tanki mai lita 25, kuma na injin ruwa, ba na babur ba.

Ta fuskar aljihu, binciken waje da hannunka za ka yi shi, in ya yi tsanani ka sayi tiyo da famfo. Kafireta kuwa sai bakanike, ga kuɗin aiki, ga gasket da ke iya yagewa, ga haɗarin a zura waya a jet a faɗaɗa shi, inji ya koma zuƙar mai a wannan tsadar. Da iska da maganin wanki ake buɗe jet.

Kafin ka kira kowa, ari tanki da tiyon wani abokin aikinka wanda injinsa ke lafiya, ka jona wa naka. Ka gwada ba fasinja, kusa da gaɓa, da rigar kariya daga nutsewa a jikinka da filafili a cikin jirgi. In ya yi gudu bai shaƙe ba, laifin na tankinka ne ko tiyonka. In ya sake mutuwa, a fara da filta da famfon jikin inji, sannan a zo kan kafireta.