Na biya kuɗin ɗan jagora a Thian Hock Keng, ga yadda ta kaya

Ni kafinta ne, shi ya sa da aiki ya kai ni Singafo na ji labarin wani gini da aka haɗa katakonsa babu ƙusa, sai na ce ganau ya fi jiyau. Shiga haikalin Thian Hock Keng kyauta ne. Abin da na biya shi ne yawon zagaye da wani ƙaramin kamfani, mu tara da ɗan jagora guda.

Mutumin ya san aikinsa. Tun a bakin ƙofa ya tsayar da mu a titin Telok Ayer, ya ce nan da muke tsaye gaɓar teku ce a da, kafin a cike ruwan da ƙasa. 'Yan ƙabilar Hokkien da suka tsallako daga kudancin Sin, suna sauka sai su zo godiya ga Mazu, wadda suka ɗauka mai tsaron matafiya teku. Sun fara ginin a 1839, suka gama a 1842, attajiri Tan Tock Seng na cikin manyan da suka zuba dukiya. A 1907 Sarkin Sin Guangxu ya aiko da rubutun girmamawa.

Ni dai idona na sama. Kowane katako an fafe shi, an zura masa harshen ɗan'uwansa, nauyin rufin ne ke ƙara matse su. Na daɗe ina neman inda aka yi ha'inci, ban samu ba, har wuyana ya ƙage. Dodannin da ke kan rufin kuwa da gutsattsarin tangaran aka yi musu jiki, an yanka an liƙa ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙin turare ya yi yawa, mai asma ya zo da shirinsa.

Inda ɗan jagoran ya ƙure ni shi ne batun babban gyaran haikalin na 1998 zuwa 2000, wanda UNESCO ta yaba a 2001. Abin da ya kawo ni ke nan, amma a minti biyu ya wuce shi. Na tambaye shi yadda ake zare ruɓaɓɓen katako a saka sabo ba tare da sauran sun saki ba. Ya yi murmushi, ya dubi agogo, ya ce mu zaga baya mu ɗauki hoto da zanen bango. Minti ashirin muka ɓata can!

Mai son tarihi, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Mai sana'a irina gara ya zo shi kaɗai da sassafe. Haka na yi washegari, na zauna da littafina ina zana haɗin katako har azahar, sannan na taka zuwa masallacin Al-Abrar da ke kan titin.