Wane man inji ya dace da mai aiki a bakin Kogin Kaduna?

Duk wanda ya shiga shagon mai a Panteka ko Kakuri zai tarar da galan-galan a jere, wasu an rubuta musu sintetik da manyan baƙaƙe, kuma sun fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Yawancin masu saye abu biyu suke tambaya: nawa ne, kuma kilomita nawa zai kai kafin a sake juye. Manomin rani da mai tarakta da mai motar haƙa ƙasa suna da tambaya ta uku da ya kamata su yi, wato me zai sami man idan ya zube a ƙasa ko a ruwa.

An yi nazarin wannan a Antaktika, inda yarjejeniyar Madrid ta 1991 ta wajabta wa ƙasashe kwashe dattin da suka bari. Masu bincike na Ostireliya sun cakuɗa laka da man dizal da man inji iri-iri, suka ajiye a ƙarƙashin teku kusa da tasharsu ta Casey, inda ruwa ke kusa da digiri 1.8 ƙasa da sifiri, suka bi diddiginta har shekara biyar. Man da aka haɗa don ya ruɓe ya fi saurin raguwa, amma ko shi bai ɓace da wuri ba, domin sanyi yana ƙara wa mai kauri, yana kuma rage wa bakteriya kuzarin cinye shi. Zafin Kaduna yana taimakonmu a nan, sai dai lakar gindin kogi ba ta samun iska sosai, kuma mai yana daɗewa a inda babu iska.

Mafi araha shi ne man da aka tace daga ɗanyen mai, irin wanda aka gina wa sashe a matatar Kaduna da aka buɗe a 1980. Yana wa tsohuwar mota da janareto aiki yadda ya kamata, amma yana ɗauke da sarƙaƙƙun sinadarai masu wuyar ruɓewa. Ya kamata mai saye ya san cewa da yawa daga cikin man da ake kira sintetik wannan ɗanyen man ne aka tace shi matuƙa, wanda masana suka sa a rukuni na 3.

Sintetik na rukuni na 4, wato polyalphaolefin da ake taƙaitawa PAO, harhaɗa shi ake yi daga ƙananan sinadarai har su zama masu rassa iri ɗaya. Yana gudana ko a sanyin da ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri, shi ya sa injinan Antaktika suke dogaro da irinsa, kuma yana jure zafi ya daɗe a inji. Amma rassan da suka ba shi ƙarko su ne suke hana bakteriya kama shi, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon jinkirin ruɓewarsa. Wanda ya saye shi da zaton ba zai ɓata gona ba ya biya kuɗin abin da bai samu ba. Juriyar sanyin ma ba ta da wani amfani a garin da ruwa ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu.

Man esta ya bambanta. Daga asid da alkohol ake haɗa shi, kuma mahaɗinsu wuri ne da ruwa da bakteriya suke iya tsinkawa, daga nan su cinye gutsattsarin. Wannan ne ya sa ya fi waɗancan da aka ambata ruɓewa, kuma shi ne rauninsa, domin ruwa idan ya shiga tanki yana lalata shi, wani lokaci kuma yana kumbura robar sil ta tsohon inji. Man tsirrai ya fi shi araha da saurin ruɓewa, sai dai zafi yana sa shi duhu da danƙo kamar man suyar ƙosai da aka yi ta maimaitawa, abin da mai aiki a zafin watan Afrilu ya kamata ya yi la'akari da shi.

A ganina, zaɓin ya rataya ne ga inda man yake zuba. Cikin injin mota ko janareto a rufe yake, saboda haka a bi lambar kaurin mai da littafin injin ya faɗa, ko 15W-40 ce ko 5W-30, a kuma tara tsohon mai a jarka maimakon tuttular da shi a kwata. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin kowane man inji yana da ƙarin sinadarai irin su zinki da fosfaras, kuma bayan ya yi aiki yana kwaso garin ƙarfe da dattin ƙonewa waɗanda ba sa ruɓewa, ko da asalinsa esta ne. Amma man haidirolik na tarakta, wanda tiyo ɗaya idan ya fashe yake malala lita da dama a fadama, da giris ɗin famfon ban ruwa da ke taɓa kogi kai tsaye, nan ne kuɗin esta yake biyan kansa.

Wajen saye, a duba jikin mazubin ko takardar bayanin man. A man haidirolik, haruffan HEES suna nufin esta, HETG man tsirrai, HEPR dangin PAO, HEPG kuwa wani iri ne da yawanci ba ya cakuɗuwa da man da aka saba. A nemi shaidar gwajin ruɓewa na ƙasa da ƙasa mai suna OECD 301B, wanda yake buƙatar kashi 60 cikin ɗari ya ruɓe cikin kwana 28, tare da tuna cewa a ɗumin ɗakin gwaji ake yinsa. A tabbatar da hatimin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da murfi a liƙe, a guji man da ake aunawa a kwalba a bakin titi. Wanda zai koma esta ya sa bakanike ya zubar da tsohon man gaba ɗaya, ya sauya filta, sannan ya riƙa duba sil a makonnin farko ko akwai yoyo.