The Hendon Mob: yana nuna abin da 'yan poker suka ci, amma banda abin da suka zuba

Duk mai son sanin nawa manyan 'yan poker, wato wasan cacar kati, suke samu, ƙarshenta shafin The Hendon Mob zai faɗa, don nan ake tara sakamakon gasannin da ake bugawa ido da ido a duniya. Kyauta ne, kuma wajen tsari gaskiya ba laifi, ka rubuta sunan ɗan wasa sai ga tarihinsa ya zubo, gasar da ya shiga, ranar, matsayin da ya ƙare da kuɗin da ya kwasa. Akwai jerin waɗanda suka fi kowa ci tun da aka fara, su Bryn Kenney da Justin Bonomo na can sama sama.

To amma fa lambobin nan suna ruɗin mutum ba kaɗan ba. Za ka ga Kenney ya ɗauki sama da dala miliyan 20 a gasar Triton Million a Landan a 2019, ko Antonio Esfandiari da miliyan 18.3 a 2012, sai ka ce ai waɗannan sun kamo 'yan ƙwallo. Ina! Kuɗin shiga gasar Esfandiari kaɗai dala miliyan 1 ne, kuma shafin baya cire kuɗin shigar gasannin da mutum ya buga ya tashi hannu rabbana, baya nuna masu zuba jari da suke sayen kaso a jikin ɗan wasa tun kafin a raba kati, wanda in an ci sai an ba su nasu, ga haraji ga kuɗin jirgi da otal duk daga aljihunsa. Fitaccen ɗan poker Daniel Negreanu da kansa ya fitar da lissafinsa na 2017, ya ci kusan dala miliyan 2.8 amma abin da ya biya na shiga ya haura haka, wato asara ya tafka a shekarar da shafin ke nuna shi kamar wanda ya yi kasuwa.

Shi kuwa Ronaldo mujallar Forbes ta ƙiyasta masa dala miliyan 260 a 2024, albashinsa na tafiya ko an ci ko an sha kashi, ba wanda ya ce ya biya kafin ya shiga fili. Ɗan wasan tennis Djokovic ma kyautar gasa kawai da ya tara tun fara wasansa ta wuce dala miliyan 180, banda talla. Babu ɗan poker ɗin da jimillarsa ta kai nan ko da ba a cire komai ba.

Wani gibin kuma, wasan teburi da ake zuba tsabar kuɗi kai tsaye baya cikin lissafin kwata kwata, alhali wasu can suke ci ko su karye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda matasa ke ɗaukar hoton jerin nan suna yawo da shi kamar albashi ne, bayan caca ce. Don duba tarihin gasa ina ba shafin 4 cikin 5, don kwatanta samu da sauran wasanni kuwa 2 ma na yi masa kara.